Zaman babban rukuni a kwas dinmu, wai me ake so mu koya ne?

Yar_Zazzau:
Salam yan uwa. Dan Allah masu karatun lafiyar kwakwalwa ku taimaka min. Ina kwas din jinyar rukuni (wato jinyar matsalolin kwakwalwa ta hanyar tara mutane su tattauna) a nan Ingila, karamin rukuninmu mu takwas ne kuma ina jin dadinsa, amma duk karshen wata sai a tara mu wajen mu sittin a daki daya, kujeru zagaye cikin zagaye, awa daya da rabi ba ajanda ba komai, malaman ma suna cikinmu sun yi gum. Jiya na daure na yi maganar kewar gida, wlh ko mutum daya bai tanka min ba, wani ya dauko zancensa daban. Har na koma daki zuciyata ba dadi. Wai wannan ma koyarwa ce?

Dattijon_Kwas:
Wa alaikis salam kanwata. Koyarwa ce, kuma ta dade. Tun 1957 cibiyar Tavistock da jami'ar Leicester suka fara taron da ake koyon halin rukuni ta hanyar zama a cikinsa, daga baya aka kara babban zaman. Wilfred Bion, wani likitan kwakwalwa na Birtaniya, ya lura in tsoro ya kama taro sai su nemi wanda za su rataya a wuyansa, ko wanda za su yaka ko su guje masa. Shi ya sa malamanku suke kin karbar ragamar, so suke ki ga abin da idonki. Zama na gaba ki lura wa ake ta kallo in shiru ya yi tsawo.

Nas_Maijinya:
Ni abin ya amfane ni ne a wod. Ranar da wani majinyaci ya yi magana a taron safe kowa ya share shi, take na gane abin da ke cin ransa sbd an taba min, na dawo da zancen kansa. Da ban zauna wancan zaman ba da ya wuce ni.

Abu_Hanan:
Gsky ne amma kar ki hadiye shi ke kadai Anti, yana yi wa wasu nauyi sosai. Ki kai maganar karamin rukuninku ko wajen mai duba aikinki. Kuma mu an tashe mu yaro ba ya tsoma baki gaban manya, shirunmu ladabi ne, su kuma sai su dauka tsoro ne ko fushi. Wannan ma ki fada musu.

Yar_Zazzau:
Na gode kwarai, Allah ya saka. Ranar Talata muke da karamin rukuni, in sha Allah zan tayar da zancen.