Shawarwari ga Mai Son Karatun Tattalin Arzikin Kuɗi

A zaman da muka yi da waɗanda suka riga mu bin wannan hanya, bakinsu ya zo ɗaya kan lissafi. Wanda lissafinsa da ƙididdigarsa ba su zauna ba, ya gyara tun kafin neman gurbi, don darussan farko ba sa jiran kowa. A koyi Python, wato yaren rubuta manhajar kwamfuta, a riƙe manhajar lissafi ta Excel gam.

Kan digiri na uku ne suka rabu. A Amurka yakan ci shekara 5, ya fi dacewa da mai son bincike ko aikin babban banki. Mai hangen kasuwar hannun jari kuwa, digiri na biyu na shekara 1 a Ingila ya wadatar, ya haɗa da jarrabawar CFA ta ƙwararrun masu nazarin harkar zuba jari, mai matakai 3. Ni dai na fi gamsuwa da wanda ya ce a ɗan taɓa aiki tukuna.