Ginin Konstantin na birnin Rum: ƙofa ce ko baka?

Mai Fassara: Jama'a, shirin tarihi zai fita gobe da safe. Me za mu kira ginin da Majalisar Rum ta tsayar wa Sarki Konstantin a 315, bayan ya ci abokin hamayyarsa Maksentiyus da yaƙi a Gadar Milbiya a 312?

Ɗan Birni: Ƙofar nasara. Tsayinsa mita 21, mashiga uku, babba a tsakiya, ƙanana biyu a gefe, hanyar da mayaƙa ke bi da ganima ta ratsa ƙarƙashinsa.

Malama Nahawu: A rediyo babu laifi, amma a rubuce za a karanta ƙofar Nasara, wato ta Turawa, Bakano kuma ya tuna Ƙofar Nasarawa. Sannan ƙofa tana da ganuwa da ƙyaure. Wannan shi kaɗai yake tsaye, ba ya tsare komai. Irinsa na Leptis Magna a Libiya, garin Sarki Seberus, fuska huɗu gare shi a mararraba.

Magini: Bakan nasara. Mu ma bakan gizo muke ce wa na soro. Bambancin a aiki ne. Namu azara ake jerawa, kowace ta ɗan zarce ta ƙasanta, a ɗaure, a yaɓe. Su Rumawa sai sun kafa katako, su jera duwatsu masu tsukakken gindi daga gefe biyu, na tsakiya ya kulle, sannan a zare katakon. Ginshiƙai in ba su da kauri, nauyi ya ture su waje, baka ya buɗe.

Ɗan Birni: Larabci ka kwaso, ƙausun nasri. Bahaushe ya ji baka, kibiya zai nema.

Magini: Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani ya gina, kibiya aka harba a ciki? Namu ne kuke rainawa.

Malama Nahawu: Ranka ya daɗe, ai shi ma Konstantin aro ya yi. Sassaƙe-sassaƙen jikin ginin da yawa daga gine-ginen sarakunan da suka gabace shi, Tarajan da Hadiriyan da Markus Awreliyus, aka ciro, aka sake sassaƙa kawunansu su zama nasa.

Mai Fassara: To, a farkon shiri zan ce ginin tunawa da nasara mai siffar bakan gizo, daga nan ƙofar nasara.

Magini: Ku je da ita. Amma ban yarda ƙofa ce ba.