Gwaji da leza ko kwaikwayo a kwamfuta? Ina neman shawara

Ɗan Zazzau: Assalamu alaikum. Na samu gurbi biyu na digiri na uku a Turai, dukansu a kan yadda filasma (iskar gas mai tsananin zafi da ke ɗauke da cajin lantarki) ke yamutsewa idan leza ta doki abin gwaji. Ɗaya gwaji ne na zahiri, auna gudun igiyar bugun da lezar ke haifarwa da na'urar VISAR. Ɗayan kwaikwayon rikicin Rayleigh-Taylor (yamutsin da ke faruwa idan abu mai nauyi ya nutse cikin mara nauyi) ne da manhajar FLASH. Tallafin na shekara uku ne kacal, ga iyali. Wanne zan kama?

Abu Safiyya: Wa alaikumus salam. Ka nemi Amurka mana. A garin Livermore NIF take, babbar cibiyar gwaji mai leza 192. Ranar 5 ga Disamba 2022 suka zuba makamashi megajul 2.05, aka samu 3.15, wato fiye da abin da aka zuba.

Ɗan Zazzau: Yaya, Turai fa na ce.

Bakatsiniya: Ƙanena, ni gwajin na ɗauka. Wata 14 ina bin layin shiga ɗakin leza, aka ba mu kwana huɗu. An sassaƙa wa farantanmu, wato abin da leza ke doka, 'yan tudu da gangan, don mu ga yadda za su yi tsiro kamar yatsu bayan bugun ya ratsa, wato Richtmyer-Meshkov. Rabinsu a lanƙwashe suka iso. Harbin farko, lokacin kyamara ya kauce da 'yan nanosakan. Ina zaune ina kallon baƙin allo, wallahi sai hawaye. Ko wanne faranti yuro 800.

Na Maraɗi: Haba Dakta, mu 200 muka saya.

Bakatsiniya: Naku roba ce zalla, namu hawa uku ne. Shekara guda na ƙara da kuɗin aljihuna, malamina ko sannu.

Na Maraɗi: Allah ya mayar da alheri. Amma ita ma babbar kwamfuta layi ake bi, kuma lissafin da babu gwaji a bayansa da ƙyar masu tantancewa ke yarda da shi.

Abu Safiyya: Malam, ka taɓa shiga ɗakin leza kuwa? A bar waɗanda suka yi su yi magana.

Na Maraɗi: Kai fa? A jarida ka karanta NIF.

Sarkin Fura: Ni kullum ina ganin Rayleigh-Taylor kyauta. Ka tsiyaya zuma a kan nono, mai nauyi ya nutse cikin mara nauyi. A kawo min digirina 😂

Ummu Hanan: Ku tsaya, ya ma samu biza? Saboda kalmar filasma a takarduna aka riƙe ni wata biyar ana binciken tsaro, har zangon farko ya wuce.

Na Maraɗi: Nawa wata bakwai, fasfona na hannunsu, rasuwar kawuna ma ban samu zuwa ba.

Ɗan Zazzau: Allah ya jiƙansa. Anti, da wane suna kika rubuta binciken naki a fom ɗin?