Muhawara: shin Likita Mila ne ya kafa cocin Wusasa?

Malamin makaranta mai ritaya: Jama'a, na ji wasu matasa suna cewa bai kamata a riƙa danganta kafuwar cocin Wusasa, garin da ke bayan ganuwar birnin Zariya, da ɗan mishan Likita Walter Miller ba, wanda iyayenmu ke kira Likita Mila, kuma maganar ba ta kwanta mini ba. Mutumin nan yana cikin ayarin Bishop Tugwell da ya isa Kano a 1900, Sarkin Kano Alu ya sallame su ba tare da ya ba su wurin zama ba. Bai yi zuciya ya bar ƙasar Hausa ba, ya zauna a Girku, sannan ya shiga birnin Zariya a 1905, ya buɗe makaranta da ɗakin shan magani, ya kuma shafe shekaru yana aikin fassarar Littafi Mai Tsarki, wanda ya fito cikakke da Hausa a 1932. Yaran da ya koyar su ne suka zama dattawan ikilisiyar Wusasa. Idan ba shi ya kafa ta ba, to wane ne?

Malama 'yar Wusasa: Baba, babu wanda ya isa ya rage wa Likita Mila ladan wahalarsa, amma akwai abu guda da kan ɓace idan ana ba da labarin nan. Lokacin da mishan ɗin CMS, wato ƙungiyar mishan ta cocin Anglican da Mila ke wa aiki, ya tashi daga cikin birni ya koma Wusasa a 1929, Mila bai so ƙaurar ba, kuma bai zauna ya jagoranci sabon wurin ba. Kano ya nufa. Wanda ya riƙe ragamar aikin a farkon zaman Wusasa shi ne Rabaran Guy Bullen. Yaya za a ce mutum ya kafa ikilisiyar garin da ya ƙi amincewa a koma cikinsa? Burin Mila shi ne bishara ta zauna a tsakiyar birnin Musulmi, kusa da fada da malamai, saboda haka a idonsa fita bayan ganuwa zuwa gindin dutse ja da baya ne.

Malamin makaranta mai ritaya: 'Yata, gini daban, ikilisiya daban. Mutanen da suka kwashe kayansu suka tafi Wusasa, ai a hannunsa aka yi musu baftisma, a hannunsa suka koyi karatu. Abin da aka yi a 1929 sauya mazauni ne kawai.

Ɗalibin tarihi daga Samaru: Ranka ya daɗe, ina neman izinin in tsoma baki, domin tambayar da ta fi muhimmanci ita ce daga ina mutanen suka fito. Shekarun farko na Mila a birnin Zariya ba su haifar da masu bi da yawa ba. Waɗanda ke tare da shi 'yan ƙalilan ne, wasu 'yantattun bayi, wasu yaran da aka ba shi riƙo, da ɗaiɗaikun manya da suka karɓi addinin. Abin da ya sauya lissafin shi ne zuwan Isawa. Tun a zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi aka yi wani malami a Kano, Malam Ibrahim, wanda nazarinsa na Alƙur'ani ya kai shi ga ba Annabi Isa wani matsayi na musamman, har aka yanke masa hukuncin kisa a kasuwar Kurmi. Almajiransa suka watse, wasu suka nufi ƙasar Ningi, wasu suka ɓuya a ƙauyukan da ke tsakanin Kano da Zazzau, suna riƙe da koyarwar malaminsu shekara da shekaru ba tare da sun taɓa ganin Bature ba. A wajen 1913 ne wasu daga cikin zuriyarsu suka zo wurin Mila da ƙafarsu. Ba shi ya fita ya nemo su ba. Daga nan aka kafa musu ƙauyen Kirista a Gimi, inda suka yi gonaki da makaranta da wurin sujada, sai ciwon barci ya auka wa garin, ya kashe mutane da dama, dole aka tashi daga wurin. Waɗanda suka tsira, musamman yara, su ne suka cika makarantar Zariya, kuma daga baya suka zama ƙashin bayan Wusasa. Saboda haka ni ina ganin an daɗe ana ba da labarin nan ta bakin rahotannin 'yan mishan, inda Bature ke tsakiya, alhali kuwa mutanen da suka yi ikilisiyar sun taho da bangaskiyarsu tun daga gida.

Dattijo daga cikin birni: Ni Musulmi ne, kuma gidanmu yana cikin ganuwa tun kaka da kakanni, amma maganar ta shafe mu, domin tarihin Zazzau ne. Ɗana, ka yi bayani mai kyau, sai dai kada ka mai da Isawa Kiristoci tun kafin su zama. A yadda suka ɗauki kansu, Musulmi ne masu wata fahimta ta daban, Alƙur'ani suke karantawa, kuma ba dukansu ne suka bi Mila ba, domin har yau akwai zuriyar Isawa da ba su shiga coci ba. Abu na biyu, kun bar wani ɓangare a baya, wato hukuma. Gwamna Lugga ya yi wa sarakuna alkawarin cewa gwamnati ba za ta tsoma hannu a addininsu ba, kuma Razdan-Razdan na wancan zamani sun ɗauki zaman Mila a cikin birni a matsayin ƙaya a ƙafa. Sarki Aliyu Ɗan Sidi ya karɓe shi da farko, daga baya zumuncin ya yi tsami. An yi shekaru ana matsa wa mishan lamba ya fita, har aka ba shi fili a Wusasa. To idan ana neman wanda ya sa aka yi coci a wannan wuri takamaimai, sai a haɗa da Turawan mulki da fadar Zazzau, ko da yake ba don su raya addinin suka yi ba.

Malama 'yar Wusasa: Alhaji, wannan magana taka ita ce nake so Baba ya duba. Fitar da aka yi don a rage wa mishan ƙarfi ita ce ta ba shi sarari. A cikin birni babu filin noma, babu damar faɗaɗa makaranta, kuma wanda ya karɓi addinin yana zaune ne a idon dangi da maƙwabta. A Wusasa aka samu wurin gina majami'ar St. Bartholomew, aka samu makaranta mai ɗakunan kwana, aka samu asibitin St. Luke. Duk wanda ya shiga tsohuwar majami'ar zai ga hannun maginan Zazzau ne, ginin ƙasa mai kaurin bango, an ɗaure rufin da bakan gizo irin na sorayen sarakuna, ciki da sanyi ko da rana ta take. Ba Bature ne ya kwaɓa ƙasar ba, kuma ba Bature ne ya riƙa bin ginin da yaɓe bayan damina ba.

Tsohuwar ma'aikaciyar jinya: Ina goyon bayan ƙanwata, kuma zan ƙara da abin da na gani a bakin aiki. Mafi yawan mutanen karkarar Zazzau ba ta hanyar wa'azi suka san Wusasa ba, ta hanyar asibiti suka san ta. Mace za ta zo haihuwa daga ƙauye, Musulma ce ko Bamagujiya, a kwantar da ita, danginta su kafa murhu a bayan ɗakin jinya suna dafa mata kunu, su yi mako guda suna cuɗanya da mutanen gari. Yawancinsu sun koma gida da addininsu, amma sun koma da amana, kuma wannan amanar ce ta sa ƙaramar al'ummar Kirista ta zauna lafiya a gefen babban birnin Musulmi. Masu wannan aiki dare da rana 'yan ƙasa ne.

Malamin makaranta mai ritaya: Duk abin da kuka lissafa, a ina aka horar da masu yin sa? Dokta Barau Dikko, likitan farko ɗan Arewa, wanda ya yi karatu a Birmingham ya kuma kasance cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa, daga makarantar Mila ya fito. Kuna yaba 'ya'yan itace kuna musun wanda ya dasa shi.

Ɗalibin tarihi daga Samaru: Ranka ya daɗe, Dikko naka ne, ban yi gardama ba. Amma dubi waɗanda suka biyo baya. Farfesa Ishaya Audu, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, a makarantar Wusasa ya taso, bayan Mila ya bar Zazzau. Janar Yakubu Gowon, wanda aka haifa a 1934, shi ma a can ya girma, kuma mahaifinsa Ba'angashe ne daga ƙasar Filato da ya zo aikin bishara. Wannan ya nuna cewa ikilisiyar da ta girma ba irin wadda Mila ya tsara ba ce. Shi ya yi mafarkin cocin Hausawa da Fulanin birni, sai ga taron Isawa da Fulani da Angasawa da sauran ƙabilun Arewa, waɗanda Hausa ta haɗa su a sujada da kasuwa da auratayya. Ko da Wusasa ta samu bishop nata a ƙarshen shekarun 1990, yawancin ƙananan majami'un da ke ƙarƙashinta na ƙauyukan Maguzawa ne, mutanen da ba su ne Mila ya sa a gaba ba.

Malamin makaranta mai ritaya: Na amince cewa siffar da ikilisiyar ta ɗauka ba tasa ba ce, amma ban janye maganata ba. Da Isawa sun zo Zariya a 1913 ba su tarar da kowa ba, da sun koma ƙauyukansu, kuma da babu Gimi, balle Wusasa. Abin da zan roƙi ɗalibinmu shi ne ya zauna da tsofaffin gidajen da suka fito daga Gimi, ya rubuta abin da suka ji daga iyayensu game da ƙaurar 1929, musamman wa ya zaɓi tafiya, wa kuma ya tsaya a cikin birni.