Sojan baka, ɗan ma'abba ko mai sharhi: wane suna ya dace da su?

Jama'a, ku taya ni neman suna. Akwai mutanen da ake biya su shiga rediyo ko Facebook su tallata ɗan siyasa, su kare shi ko da ya yi ba daidai ba. Sai ka ji mai gabatar da shiri ya kira irinsu "mai sharhi kan al'amuran yau da kullum". Wannan suna yana damuna ƙwarai.

Sharhi daga Larabci muka aro shi, kuma mu a Sakkwato mun san nauyinsa. A zaure, malami ne ke warware matani, ya fito da abin da ya shige wa ɗalibai duhu. Wanda aka faɗa wa abin da zai ce tun kafin ya zauna gaban makirfo bai warware komai ba.

Wani ɗan'uwa ya ba da shawarar kakaki. Malam, kakaki ƙahon sarauta ne, shi ya sa aka ba mai magana da yawun hukuma sunan. Wannan yana da ofis, kowa ya san uban gidansa. Ɗan kanzagi kuwa, daga ƙaramar gangar da ke raka kalangu, ya riga ya zama zagi.

Farfaganda baƙuwa ce. Tushenta Latin, daga sunan majalisar yaɗa addini da Paparoma ya kafa a Rum a 1622, kuma aikin take nunawa, ba mai yinsa ba.

Wani dattijo ya ce: "Ai muna da namu, 'yan ma'abba anka san su da wanga aiki." Baba, zancenka ya ja hankalina. Ɗan ma'abba na tsaye gefen makaɗi yana cika waƙa da kirari da zuga har a yi kyauta. Sai dai shi a fili yake roƙonsa, sana'ar gado ce, kuma bai taɓa cewa shi alƙali ne ba. Ba na son a shafa masa laifin wasu.

Ni dai na tsaya kan sojan baka. Daga Kano ya bazu, bayan dawowar mulkin farar hula a 1999 da buɗe gidajen rediyo masu zaman kansu irin su Freedom a 2003. Soja yana da kwamanda da albashi, kuma umarni yake bi. Mai tallata haja ko mawaƙi kuwa, a bar shi da sunansa na mai talla.

'Yan jarida na Rima da sauran tashoshinmu, ko za ku iya gabatar da baƙo da wannan suna yana zaune gabanku?