Neman shawara: ƙanena na gidan yari saboda ƙwaya, in sayar da filina in fito da shi?

Maman Ummi: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ku ba ni shawara, kwana uku ke nan ban yi barci ba. Ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Yana shekara tara mahaifinmu ya rasu, ni na riƙe shi. Da kuɗin ɗinkina na sa shi makaranta, da aka yi aurena na tafi da shi gidan mijina, ni na tsaya masa aka ba shi adaidaita sahu na haya. Yaro ne mai kunya, ko ido ba ya iya haɗawa da babba. Bara aka kama shi da tiramol a cikin babur ɗin, kotu ta yanke masa shekara uku ko ya biya tara. Bai taɓa dukan kowa ba, bai yi sata ba. Ranar Asabar na kai masa abinci, ƙuraje sun cika masa hannu, yana cin tuwon yana sunkuyar da kai. Hajiyarmu har yau ta ɗauka yana Legas. Ina da ɗan fili na gado. Maigidana ya ce kada in taɓa shi, a bar yaron ya ji a jikinsa. Wani kuma ya ce in kawo dubu ɗari biyu zai sa sunansa a jerin waɗanda gwamna zai yi wa afuwa da Sallah. Wanne zan yi?

Baban Khalifa: Wa alaikumus salam. Hajiya, wace kotu ce ta yanke hukuncin? Idan NDLEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, ce ta gurfanar da shi, to Babbar Kotun Tarayya ce, laifin na tarayya ne. Gwamna ba shi da hurumin yafe shi. Ikon gwamna a sashe na 212 na kundin tsarin mulki ya tsaya kan laifin dokar jiha, na tarayya kuwa sai shugaban ƙasa, sashe na 175. Mai neman dubu ɗari biyun nan damfarar ki zai yi. Ko kwabo kada ki ba shi.

Uwar Marayu: Ni dai maigidanki nake goyon baya. Kowa sai ya ce nasa bai taɓa dukan kowa ba. Ɗana na fari, kodin ya fara sha kafin gwamnati ta haramta kodin ɗin a 2018, daga nan ya koma ƙwaya. Yau yana ɗaki a kulle, yana magana shi kaɗai. Wanda ya sayar masa bai taɓa ɗaga masa hannu ba, amma ya kashe min shi da ransa. Sau biyu ana kama mutumin, sau biyu muna ganin sa ya dawo bakin layi.

Maman Ummi: Allah ya ba shi lafiya Inna. Amma nawa ba dila ba ne. Sha yake don ya jure aikin dare, duk 'yan adaidaita sun san wannan.

Baban Khalifa: Nawa aka samu a wurinsa? Kuma tarar nawa ce? Ba ki faɗa ba, alhali duk maganar a nan take. A Nuwamba 2023 ma'aikatar harkokin cikin gida ta biya wa fursunoni 4,068 tara aka sake su, waɗanda tararsu ba ta wuce naira miliyan ɗaya ba. Ƙungiyoyi da masu hali ma suna biya da azumi. Ki je da takardar hukuncin ofishin jin daɗin fursunoni na gidan yarin a rubuta sunansa. Afuwar shugaban ƙasa kuwa ki cire rai. Kin ga surutun da aka yi a Oktoba 2025 da Tinubu ya yi wa mutum 175 afuwa har da masu laifin ƙwaya, sai da aka sake tace jerin.

Ɗan Kasuwa: Yaya, sayar da filin ki fito da shi yau, ba gobe ba. Ɗan wana ya shiga saboda ƙulli biyu na wiwi, aka haɗa shi ɗaki ɗaya da 'yan fashi. Da ya fito har buɗe kwado ya iya ba mabuɗi. Tun 2019 aka canja sunan gidan yari zuwa gidan gyaran hali, dokar ta kawo hukuncin yi wa al'umma aiki maimakon ɗauri. Irin waɗannan yaran ai su aka yi wa ita. Manyan da ke shigo da kaya kwantena-kwantena fa?

Malama: In ya fito ina zai sauka? Ya daina sha ne, ko rashin samu ne? Ku fara nema masa wurin da za a duba shi a asibiti kafin maganar fili.

Maman Ummi: Ya rantse min da Alƙur'ani ya daina. Ni na raine shi, na san lokacin da yake ƙarya. Mai neman dubu ɗari biyun nan kuma ba baƙo ba ne, surukin maƙwabciyarmu ne, an ce ya taɓa fito da wasu.

Baban Khalifa: Ko wanene shi, ba zai iya ba. Na gaya miki doka. Kuma har yanzu ba ki faɗi adadin tarar ba.

Uwar Marayu: Nawa ma ya rantse, sau nawa.

Ɗan Kasuwa: Inna, ai ba ƙaninta ne ya sayar wa ɗanki ba.

Maman Ummi: Na gode duka. Dillali ya ce zai kawo mai son filin ranar Laraba. Ban gaya wa maigidan ba tukuna. Akwai wanda ya san ko ana karɓar tara kashi-kashi?