Waɗanda guguwar Harvey ta ritsa da su a Texas, ku zo ku ba yaro labari

Ɗan Fagge: Assalamu alaikum. Ƙanina ya samu makaranta a Houston, bai fi wata guda da isowa ba. Jiya ya kira ni hankali a tashe, wai an turo masa saƙon shirin lokacin guguwa, yana tambaya ko abin yana kai yadda ake faɗa. Na ce bari in tara masa waɗanda suka gani da ido. Duk wanda Harvey ta ritsa da shi a Agustan 2017, ya faɗi inda yake da abin da ya same shi.

Nawa gajere ne. Ina unguwar Alief a Houston, a bene hawa na biyu. Ranar Juma'a 25 ga wata na shiga kanti na tarar babu burodi, babu ruwan gora. Daren nan aka ce ta sauka a Rockport, tafiyar awa uku daga wurinmu. Asabar da rana ruwan ya ɗan tsagaita, har na ce a raina ashe kurin banza ne. Daren Asabar ɗin sama ta ɓalle. Kwana huɗu ban taka ƙasa ba.

Malamin Jogirafi: Wa alaikumus salam. Abin da zai ba ƙaninka mamaki, Harvey 'yar gida ce. Irin hadarin nan da ke tasowa daga gabas da damina, ya ratsa Chadi da Nijar da arewacin Najeriya da Mali, in ya faɗa Tekun Atilantika wani ya watse, wani kuma ya samu ruwa mai ɗumi ya fara juyawa. Ita ma haka ta baro gaɓar Afirka ta Yamma a mako na biyu na Agusta. Ranar 17 aka raɗa mata suna, ta bi ta Barbados, ranar 19 ta wargaje a Tekun Karibiyan. Ni da bakina na ce wa maiɗakina ta kwantar da hankalinta, ta mutu. Lokacin ma hankalin kowa yana kan husufin ranar da aka yi 21 ga wata.

Ashe suma ta yi. Ɓurɓushinta ya tsallake yankin Yucatan na ƙasar Meziko, ya faɗa mashigin tekun Meziko inda ruwa ke da ɗumi sosai, ranar 23 ta farfaɗo. Cikin kwana biyu ta kai mataki na 4 cikin matakai biyar na ƙarfin guguwa, iska na gudun kilomita 215 a awa. Rockport da Port Aransas su suka sha wannan iskar. Mu abin da ya ci mu daban ne. Iskar sama da ke tura guguwa gaba ta ɗauke, sai Harvey ta yi tsaye, jikinta a tudu, hannunta a teku tana ɗebowa. Kamar a ce wa mai garuwa ya yi ta juyewa a randa ɗaya kwana huɗu. Har yau in na ce wani abu ba zai faru ba, maiɗakina sai ta ce haka ka ce da Harvey.

Uwar 'Yan Biyu: Malam ai da gaskiyarta. Ni Alhaji yana Makka a lokacin, aikin Hajji saura kwanaki. Daga ni sai yara uku, ƙaramar ba ta kai shekara ba. Gidanmu a ƙasa yake, kusa da Brays Bayou, wato ƙoramar nan da in ka gan ta da rani sai ka ce babbar kwata ce.

Wajen ƙarfe biyun dare na sauko daga gado in duba yara, ƙafata ta taka kafet na ji caɓal. Ba ta taga ya shigo ba, ta ƙarƙashin ƙofa yake shigowa a hankali, babu ƙara babu komai. Na fara tura tawul, sai na ga wautar abin. Na zuba fasfo da takardu a leda na ɗaure, na ɗora buhun shinkafa kan tebur, na ɗora 'yan biyu kan teburin su ma. Kafin Asuba ya kai gwiwa. Na yi niyyar mu hau cikin silin, maƙwabciyata ta buga waya ta ce kada in kuskura, ana ta gargaɗi cewa in ruwa ya biyo ka can babu mafita sai in kana da gatari. Gara saman rufi, a gan ka.

Da hantsi wani Bature da ɗansa suka shigo layinmu da kwalekwalen kamun kifi. Na goya ƙaramar na ɗaure da zani biyu, ya tsaya yana kallon goyon kamar bai taɓa gani ba. A hanya na ga wani abu ja yana yawo kan ruwa kamar faifai, na kai hannu zan ture, ya daka min tsawa. Cinnaku ne suka dunƙule da juna suna iyo. Aka kai mu babban zauren George R. Brown, mutum kusan dubu goma a ciki. Alhaji yana kira daga Harami yana kuka, ni ina ba shi haƙuri. Abin dariya, duk asarar da aka yi, wadda ta fi tsaya min a rai ita ce daddawa da kuka da yajin da Hajiyarmu ta daka min da hannunta.

Mai Tasi: Allah Ya mayar da alheri, Hajiya. Ni ganganci na yi. Lahadi da safe na fita wai in matsar da mota kan tudu, na shiga ƙarƙashin wata gada da na bi sau dubu. Inji ya mutu, ruwa ya fara shigowa ta ƙofa, ta taga na fita. Motar da nake ci da ita ke nan. Da na je wajen kamfanin inshora aka nuna min a takarda cewa irin wadda na yanka ba ta ɗaukar ambaliya. Na sa hannu ban karanta ba, wa zan kama? Amma har gobe ina ganin da an ce kowa ya bar gari tun Alhamis, da ba a yi wannan asara ba.

Tsohon Houston: Ɗana, ba ka nan a 2005 shi ya sa. Da aka ce guguwar Rita na zuwa, makonni kaɗan bayan guguwar Katrina, gari ya tashi gaba ɗaya. Ni da iyalina mun kwana mun wuni a babbar hanyar Dallas, tafiyar da ba ta fi awa huɗu ba. Mai ya ƙare wa mutane, ga zafi, tsofaffi suna suma a mota. Sama da mutum ɗari suka rasu a gudun, guguwar kuma ta kauce gabas. Shi ya sa da Harvey ta zo, magajin gari na lokacin, Sylvester Turner, ya ce a zauna a gida. Hanyoyin da kake so a bi, su ne suka koma kogi. Ka tuna gadarka, ka cika ta da motoci.

Mai Tasi: Haka ne Baba, ban ja da kai ba. Mota ce dai ta tafi.

Bazazzagiya: Ni tawa ta fi ban haushi. Muna yammacin gari kusa da Buffalo Bayou. Asabar ta wuce, Lahadi ta wuce, gidanmu a bushe, har mun karɓi baƙi. Litinin 28 da sassafe aka fara sakin ruwan madatsun Addicks da Barker don sun cika, ana tsoron abin da ya fi haka. Ruwan nan ya shigo mana, ya zauna kusan mako biyu. Rana ta fito, wasu sun fara shara, mu da kwalekwale ake leƙa gidanmu. Da ya janye, warin ba ya faɗuwa. Firij kam ba a buɗewa, ɗaure shi ake yi a fitar. Aka yanke bangon daga ƙasa zuwa ƙirji don kada ya yi funfuna, kowane gida da tsibin katifu da kujeru a ƙofarsa. Ɗan Fagge, ka gaya wa yaron inshorar gida daban, ta ambaliya daban. Yawancin maƙwabtanmu ba su da ta biyun.

Ɗan Maraɗi: Ku 'yan Houston kun mance da mu. Ina aiki a wata matatar mai a Port Arthur. Lokacin da kuka fara ganin rana, Harvey ta koma teku ta ƙaro ruwa, ta sake hawowa ta Cameron a Louisiana ranar 30. Daren Talata ta juye mana. A Nederland, nan kusa da mu, an auna milimita 1,539. Kusan damina uku ta Maraɗi ke nan cikin 'yan kwanaki. Ko wurin da aka tara masu gudun ruwa sai da ruwa ya shiga. Ranar 31, ranar Arfa, famfon garin Beaumont da ke kusa da mu ya ɗauke baki ɗaya. Ina azumi, ruwa ya kewaye ni ta ko'ina, na buɗa baki da rabin gora.

Malamin Jogirafi: Gaskiya ne, ku kuka fi kowa samun ruwa. An ƙiyasta ɓarnar a dala biliyan 125, mutum 68 ta kashe kai tsaye a Texas, yawancinsu nutsewa. An ma cire sunan daga jerin sunayen da ake raɗa wa guguwa, Harold aka sa a madadinsa.

Uwar 'Yan Biyu: Sallah ta kama Juma'a, 1 ga Satumba. Lokacin mun koma wani masallaci da aka buɗe wa mutane, Musulmi da wanda ba Musulmi ba. Da safe aka naɗe barguna aka jingine a bango aka yi Idi. Ni da doguwar rigar sadaka, 'yan biyu da takalma ba iri ɗaya ba. Wata 'yar Fakistan ta kawo shinkafa, yarana suka ce ina naman.

Sabon Zuwa: Ni ne ƙanin. Na gode iyayena da yayyena. Yaya bai faɗa muku ba, ɗakin da na kama a ƙasa yake, don ya fi araha da dala saba'in.

Bazazzagiya: Ka je ofishin masu gidan gobe ka tambaye su ko ruwa ya shiga a 2017. Kada ka tsaya a bakinsu, ka nemi tsohon ɗan haya a layin. Sannan ka haska bangon ɗakin da tocila daga gefe, daidai ƙugunka zuwa ƙirji. In ka ga layi ya miƙe inda aka yi faci, ka nemi na sama.

Ɗan Fagge: Saba'in ɗin ni zan biya.